Yadda Za Mu Fara Kallon Tsuntsaye Daga Ƙofar Gida

'Yan'uwa, in aka ce wane yana kallon tsuntsaye, da yawa daga cikinmu za su ɗauka ko maharbi ne, ko kuwa wanda ya rasa aikin yi. Amma kallon tsuntsaye ilimi ne mai zaman kansa. Ma'anarsa mutum ya tsaya ya lura da tsuntsayen da ke kewaye da shi, ya san sunansu da kukansu da abincinsu da lokacin zuwansu da tafiyarsu, ya kuma rubuta abin da ya gani, ba tare da ya kama ko ya kashe ba. A Najeriya an rubuta ire-iren tsuntsaye fiye da 900, kuma da dama daga cikinsu suna zuwa har tsakar gidajenmu.

Wannan koyarwa domin mai farawa ce, musamman 'yan'uwanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, da duk waɗanda ke zaune a wuri mai irin halinsu. Abin da muke so mu nuna shi ne: ba sai an shiga daji ba, ba sai an sayi kaya masu tsada ba. Da ido da kunne da littafin rubutu, da dattijon da ya san sunaye, kowa zai iya farawa daga ƙofar gidansa.

Me ya sa za mu damu da tsuntsaye?

Dalili na farko shi ne mu manoma ne, tsuntsaye kuwa suna ba da labarin shekara. Iyayenmu ba su jira sanarwar rediyo ba kafin su san damina ta kusa. Da sun ga shamuwa ta sauka a kan kuka, sai su fara gyaran gona. Wanda ya san tsuntsaye ya san wanda ke cin fara da tsutsa a gonarsa, ya kuma san wanda ke cin hatsinsa, ba zai haɗa su duka ya yi musu hukunci ɗaya ba.

Dalili na biyu ya shafi yaranmu. A da, yaro yakan koyi sunayen tsuntsaye a gona da wurin kiwo da hanyar rafi. Yau rashin tsaro ya sa iyalai da yawa sun bar gonaki masu nisa, waɗansu ma sun bar ƙauyukansu sun koma Funtuwa ko Malumfashi ko cikin garin Ƙanƙara. Yaron da ya tashi a haka yana iya girma bai san bambancin kurciya da hasbiya ba. In ba mu koya masa ba, sunayen za su tafi tare da tsofaffinmu.

Dalili na uku shi ne hutun zuciya. Wanda ya kwana yana sauraron ko za a ji ƙarar babura, yana bukatar wani abin da zai saurara da safe wanda ba na tsoro ba. Rabin sa'a a gindin itace ana lura da tsuntsu ba ya warware matsalar gari, amma yana kwantar da hankali, kuma ba a biyan ko kwabo.

Tsaro kafin kome

Dole mu fara da wannan, domin littattafan da aka rubuta a waɗansu ƙasashe sukan ce wa mai farawa ya tafi daji da asuba shi kaɗai, ya yi shiru ya ɓuya. Wannan shawara ba ta wurinmu ba ce. Dukanmu muna tuna daren 11 ga Disamba 2020, da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara. Dajin Rugu da dazuzzukan da ke kan iyakarmu da Zamfara, da Gandun Dajin Kamuku na Birnin Gwari da ke kudu da Sabuwa, wurare ne masu arzikin tsuntsaye, amma babu tsuntsun da ganinsa ya kai ran mutum. Saboda haka mu riƙe waɗannan ƙa'idodi:

Mu tsaya cikin gari: tsakar gida, filin makaranta, harabar majami'a, bakin kududdufi, lambun da ke jikin gari, da gonar da dama muke zuwa kullum.

Kada kowa ya fita shi kaɗai, kada a wuce mutum huɗu ko biyar, kuma a gaya wa na gida inda za a da lokacin dawowa.

Kada a hau dutse ko tudu domin hange, kada a fita kafin gari ya waye sosai, kada a kai magariba a waje.

A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri abin da ake yi tun kafin a fara. A wurin da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wanda aka gani yana leƙe-leƙe yana rubutu a littafi yana iya jawo wa kansa zargi mai tsanani. Da ɗan gari akan ci gari. Mu nuna wa mutane littafin, mu gayyace su su gani.

Kada a ɗaga waya ko madubin hangen nesa wajen shingen jami'an tsaro, ko gidajen mutane, ko wurin da mata ke wanki.

In an ji labarin da bai kwanta ba, a fasa. Tsuntsu na nan gobe.

Kayan da ake bukata

Abu na farko littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, da fensir. Fensir ya fi biro domin ruwa ba ya ɓata shi. Littafi kuma ya fi waya aminci. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni ba sadarwa. Littafi ba ya neman caji, ba ya jiran layi.

Na biyu, tufafi marasa haske, kamar ruwan ƙasa ko ruwan toka, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji, da ruwan sha.

Madubin hangen nesa yana da amfani, amma ba farilla ba ne. In ƙungiyar matasa ta samu halin sayen guda, a nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba ta farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Wanda ya fi wannan ƙarfi yakan yi rawa a hannu. Yadda ake amfani da shi: a kafa ido a kan tsuntsun tukuna, sa'an nan a ɗago madubin zuwa ido ba tare da an kawar da kai ba. Kada a taɓa duban rana da shi, yana makantarwa.

Akwai littafin hotuna mai suna Birds of Western Africa, na Nik Borrow da Ron Demey, wanda masu wannan aiki a Afirka ta Yamma suka fi dogara da shi. Da Turanci yake, amma zanen tsuntsayen ba ya bukatar fassara. Mai babbar waya kuma zai iya sauke manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, kyauta ce, tana nuna hotuna tana kuma kunna kukan tsuntsaye.

Yadda ake duban tsuntsu

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana yawancinsu sukan shige inuwa su yi shiru. Mu ba rana baya, domin in tana gabanmu kowane tsuntsu baƙi zai zama. Mu zauna wuri ɗaya maimakon mu bi tsuntsu. Bayan minti 10 da zama shiru, waɗanda suka gudu za su dawo. Kada a nuna da hannu, a faɗa da baki a hankali: "reshen dama, can sama."

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su kama launi kaɗai. Launi yana ruɗi, domin haske yana sauya shi, kuma a iri da yawa namiji da tamata ba kamarsu ɗaya ba. Gara mu yi wa kanmu tambayoyi biyar, bi da bi.

Yaya girmansa? Mu auna shi da waɗanda muka sani: ya kai kanari, ko kurciya, ko hankaka, ko zabo?

Yaya bakinsa? Baki yana nuna abinci. Gajere mai kauri na mai cin hatsi ne. Siriri mai tsini na mai cin ƙwari ne. Dogo mai lanƙwasa na mai shan zumar fure ne. Mai ƙugiya na mai cin nama ne. Dogo kamar mashi na mai kamun kifi da kwaɗi ne.

Yaya wutsiyarsa da ƙafafunsa? Doguwa ce ko guntuwa, mai baki biyu ce kamar ta shirwa, ko a daidaice?

Me yake yi? Yana tafiya ne ko tsalle? Yana kaɗa wutsiya? Shi kaɗai ne ko cikin garke? Yana bin shanu, ko yana hawa gindin itace?

A ina yake? A ƙasa, ko kan ciyawa, ko ƙololuwar itace, ko bakin ruwa?

Sai bayan waɗannan mu zo kan launi, mu rubuta inda yake: kai, ƙirji, fiffike, ko ƙarƙashin wutsiya. Mu ƙara da kukansa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma haka abin yake: masana sukan gane da yawa da kunne kafin ido ya gani. Mu rubuta kukan yadda kunnenmu ya ji shi, ko da abin zai ba wani dariya.

A kowane shafi mu sa kwanan wata, da wuri, da lokacin farawa da na gamawa, da yanayin gari. In ba mu gane tsuntsu ba, mu rubuta kamanninsa mu bar wurin suna a buɗe. Barin gurbi ya fi cika shi da zato.

Goma na farko

Kada mu nemi sanin ɗari a wata ɗaya. Mu fara da goma da ke kusa, mu san su sosai, domin su ne ma'aunin da za mu gwada sauran da su.

Kurciya ƙarama ce, ruwan ƙasa mai ɗan ja, da ɗigo-ɗigo baƙi a wuya. Hasbiya ta fi ta girma, tana da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, tana son rufin manyan gine-gine. Hankaka baƙi ne mai farin ƙirji da farin wuya. Shirwa tana shawagi a kan kasuwa da mahauta, wutsiyarta mai baki biyu ce. Balbela fara ce, tana bin shanu domin ta kama ƙwarin da sawunsu ya tayar. Koji shi ne mai baƙin kai da ke fara surutu da sassafe a kan darbejiya. Baiwar Allah 'yar ƙarama ce, namijin ja, tana tsintar tsaba har bakin turmi ba tsoro. Kabare mai ruwan ɗorawa ne, yana saƙa sheƙa masu reto da yawa a itace ɗaya. Cilakowa tana da dogon baki lanƙwasasshe, tana tashi tana faɗuwa a iska. Ragon maza kuwa mai jan fiffike ne da baƙar wutsiya doguwa, yana rarrafe cikin ciyawa, kukansa kamar ana bulbula ruwa daga kwalba.

Ko waɗannan da muka raina suna da abin mamaki. In cilakowa za ta yi ƙwai, takan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga kaɗai, namijin ya riƙa miƙa mata abinci makonni. Shi ya sa sare tsohon itace mai kogo yake korar su daga gari. Balbela kuma da fikafikanta ta haye tekun Atilantika daga Afirka zuwa Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, yau tana bin shanu har a Amurka ta Arewa. Sa'an nan akwai kirarin da ake yi wa hankaka, mai da ɗan wani naka. Masana sun tabbatar akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da fararen ɗigo da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa cikin na hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya rena. Ashe kakanninmu masu lura ne.

Itatuwa ma suna taimako. In ɓaure ko cediya ko durumi ya yi 'ya'ya, a zauna kusa da shi da safe, za a ga kulkulu da tsirya da koji suna zuwa. Giginya gidan tsattsewa ce. A bakin kududdufi ko madatsar ruwa irin ta Mairuwa da ke kusa da Funtuwa, in hanya da lafiya, akan ga zalɓe da zakaran ƙeƙuwa da kirinjijiya. Wanda ba ya iya fita ko kaɗan, ya ajiye ruwa a tsohon kasko a inuwar tsakar gida, nesa da inda kyanwa za ta laɓe, ya riƙa sauya shi kullum. Da bazara zai sha mamakin baƙin da zai yi.

Shekarar tsuntsaye

Tsuntsayen da za mu gani a watan Agusta ba su ne na watan Janairu ba. Wannan shi ne daɗin abin, kuma shi ya sa kwanan wata yake da muhimmanci.

Da bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, shamuwa take isowa. Baƙa ce mai farin ciki, tana sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, tana cin fara da tsutsa. In damina ta ƙare sai ta bi ruwa zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina take farawa a lokacin da tamu ta ɗauke. Mu rubuta ranar da muka fara ganinta kowace shekara, da ranar ruwan shuka, da yawan sheƙar da ke garinmu. Bayan shekara biyar za mu mallaki sanin da ba a littafin kowa yake ba.

Da tsakiyar damina mazan waɗansu tsuntsaye sukan sa kayan ado. Mulufi yakan zama ja da baƙi a kan karan dawa da ciyawar fadama. Zalaidu yakan fitar da doguwar wutsiya wadda ta fi jikinsa tsawo. Da rani dukansu sukan zubar da wannan ado su koma ruwan ƙasa kamar matansu, har mutum ya ɗauka sun bar garin, alhali suna nan.

Daga Satumba zuwa Oktoba baƙi daga Turai suke isowa, suna gudun sanyin ƙasarsu. Waɗansunsu nauyinsu bai wuce giram 20 ba, amma sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Mafi sauƙin ganewa shi ne wani siriri mai ruwan ɗorawa a ciki, da ke yawo a ƙafafun shanu da tumaki yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Waɗansu ƙanana kuma sukan shige cikin gawo. Gawo yana fitar da ganye da rani a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, don haka ƙwari suke taruwa a cikinsa, baƙin su samu abinci. Wajen Maris da Afrilu sukan ci su yi ƙiba, sa'an nan su koma arewa su yi ƙwai. Wanda ya bar gawo a gonarsa ya amfani ƙasarsa da dabbobinsa, ya kuma ciyar da matafiyi daga wata nahiya.

Mu je wurin dattawa

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsoffin manoma da maharba da makiyaya sun san tsuntsayen da ba kowane littafi ne ya kawo sunansu na Hausa ba. Mu kai musu gaisuwa, mu ce, "Baba, wane tsuntsu ne wannan mai kuka da dare?" ko "Iya, da kuna yara waɗanne tsuntsaye ne suke zuwa wurin sussuka?" Mu rubuta sunan, da garin da aka faɗe shi, da karin magana ko tatsuniyar da ke tare da shi.

Za mu tarar suna yakan bambanta daga gari zuwa gari. Abin da wani ya kira fakara, wani makwarwa zai ce. Wani lokaci suna ɗaya yana ɗauke da iri uku ko huɗu, kamar yadda tsattsewa take. Kada mu yi gardama a kan wanda ya fi daidai. Mu rubuta duka, in mun samu littafin hotuna mu sa sunan Turanci a gefe domin na nesa su gane abin da muke nufi.

Waɗanda suka yi wuyar gani

In muka tambayi dattawa, za su ambaci tsuntsayen da suka saba gani amma yanzu babu. Na farko ungulu. Shekarun baya babu mahauta ko kasuwar da ba ta cika da ita ba. Yau matashi yana iya kai shekara 20 bai taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa irin ungulun da muka sani a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Abin da ya fi cin ta a ƙasarmu shi ne kamu domin sayar da kanta da sassan jikinta ga masu tsubbu, sai guba da ake sa wa mushe.

Wani zai ce, ina ruwanmu da ungulu? Ƙasar Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar, domin suna cin mushen shanun da aka yi wa allurar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce da ba a biyanta albashi.

Haka gauraka, mai tukku kamar zinariya, wadda a da take yawo a fadamun arewa, ta kusa ƙarewa a Najeriya saboda kamu domin sayarwa da kuma raguwar fadamu. Burtu da carki ma sun ragu a wurare da yawa. Saboda haka in mun ga ɗaya daga cikinsu, mu rubuta rana da wuri da adadi. Amma kada mu yayata inda sheƙarsu take a kasuwa ko a Facebook, domin ba kowane mai tambaya ne mai son kallo ba.

Ina rubutunmu zai je?

A ƙauyen Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye mai suna APLORI, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, a gefen dajin Amurum. A 2015 cibiyar ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ake kira NiBAP. An raba ƙasar gida-gida fiye da 11,000, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Mai sa kai yakan yi aƙalla sa'a 2 yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji a cikin gida ɗaya, ya aika ta manhajar BirdLasser. Yawancin masu yin aikin ba farfesoshi ba ne, ɗalibai ne da matasan ƙungiyoyin kallon tsuntsaye.

A nan ne matsayinmu yake. Baƙo daga Jos ko Legas ba zai iya zuwa Yankara ko Daudawa ko Dungun Mu'azu ya yi yawo da madubi a halin da ake ciki ba. Mu da muke zaune a nan, mu ne kaɗai za mu iya faɗin ko shamuwa ta zo bana, ko akwai sauran ungulu a mahautarmu. Ba sai mun yi gaggawar aikawa ba. Mu yi wata shida muna koyo a littafi, in hannu ya faɗa sai mu nemi shiga. Ƙa'idar ita ce gaskiya: abin da muka tabbata kaɗai za mu aika.

Kada kuma mu ɗauka an gama gano kome. A 1998 ne masana suka bayyana wani ɗan jan tsuntsu, ɗan'uwan baiwar Allah, da ke zaune a duwatsun Jos, wanda kafin nan ilimin zamani bai san da shi ba.

Ladabin mai kallo

Ba ma taɓa sheƙa, ba ma ɗaukar ƙwai, ba ma kama 'ya'ya. In uwa tana kuka tana kewaya mu, mun matso da yawa, mu ja da baya. Yaran da ke yawo da danƙo kada mu tsaya ga tsawa kawai, mu ba su aiki: wa zai fara kawo sunaye 20 daidai? Idon da ya iya saiti ya iya lura.

Mujiya ma mu bar ta. Tsoron da ake yi mata ba shi da tushe, ɓeraye take ci, waɗanda ke ɓarna a rumbunanmu. In mun ga mataccen tsuntsu kada mu taɓa da hannu, in kuma sun mutu da yawa wuri ɗaya mu gaya wa malaman dabbobi. A watan Fabrairu 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma cutar ba ta daina dawowa ba.

Ba kuma za mu ce duk tsuntsu abokin manomi ne ba. Jan baki, wanda ake ganin ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, yana iya sauka a gonar gero ko dawa ko shinkafa ya bar mai ita da hawaye. Manomi yana da hakkin kare amfaninsa. Amfanin sani shi ne ya kori mai ɓarna, ya bar mai taimako, ya kuma guji barbaɗa guba wadda za ta kashe shamuwa da balbela da kajin maƙwabta.

Mako na farko

Ga yadda za mu fara. Ranar farko mu sayi littafi, mu rubuta sunayen duk tsuntsayen da muka riga muka sani. Kwana uku masu biyowa mu zauna wuri ɗaya a gida minti 15 kowace safiya, mu rubuta abin da ya zo. Rana ta biyar mu zaɓi tsuntsu guda mu yi masa tambayoyin nan biyar. Rana ta shida mu kai wa wani dattijo littafin ya gyara mana sunaye. Rana ta bakwai mu haɗu da mutum biyu ko uku, har da yaro ko yarinya guda, mu gwada abin da kowa ya samu.

Shugabannin matasa da malaman yara da zumuntar mata za su iya ɗaukar wannan su mai da shi abin yi sau ɗaya a wata. A Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta watan Oktoba ake bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura a duniya. Ta Mayu ta dace da isowar shamuwa, ta Oktoba kuma da isowar baƙin Turai, don haka ranaku ne masu kyau na ƙirga abin da ke garinmu.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya san goma a wannan wata, zai san 30 kafin kaka, wataƙila 60 kafin shekara ta kewayo, duk bai bar gari ba. Muna sa zuciya ranar da hanyar Kamuku za ta buɗe, yaranmu su je su ga burtu da idonsu. Kafin ranar ta zo, mu koya musu kurciya da cilakowa da shamuwa, domin in sun je su san abin da suke kallo.